Daskarewar laftof saboda katin hoto: kurakuran da aka fi yi wajen gyara

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar yi wa kwamfuta fomatin. Mutum na kallon bidiyo ko yana zane a CorelDRAW, allo ya tsaya cak, linzami ya ƙi motsi, wani lokaci sauti ya maƙale yana gurnani. Sai a goge Windows a ɗora sabuwa, bayan kwana biyu matsalar ta dawo, domin Windows Update ta sake sauko da direban da ya jawo abin tun farko, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto, sashen da ke fitar da hoto a allo, ko kuma dama zafi ne ke damun na'urar. An yi asarar fayiloli da kuɗin data, kuma ba a gano cutar ba.

Kafin ka danne maɓallin kashewa, danna Caps Lock ka duba fitilarsa. Idan tana kunnuwa tana mutuwa, kwamfutar da ranta, hoton ne kawai ya tsaya. Danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare. Za ka ji ɗan ƙara, allon ya yi ƙiftawa, domin wannan umarni ne ga Windows ta sake tada direban hoto. Idan allo ya dawo, ka tsira da aikinka, ka kuma san inda za ka fara bincike. Idan fitilar ma ba ta amsawa, to na'urar gaba ɗaya ce ta ƙame, kuma zargi ya haɗa da RAM, da zafi, da faifan ajiya.

Mutane da yawa ba su san Windows na rubuta abin da ya faru ba. Danna Windows da R, rubuta perfmon /rel, ka duba jajayen alamun ranar da abin ya auku. LiveKernelEvent mai lamba 141 ko 117 na nuni ga katin hoto. A Event Viewer kuma, ƙarƙashin System, nemi lamba 4101. Dalilinta shi ne Windows na ba katin hoto daƙiƙa 2 ya amsa kira, in bai amsa ba ta sake tada direban, in hakan ya gagara ta fito da shuɗin allo mai ɗauke da VIDEO_TDR_FAILURE. Sunan fayil ɗin da aka ambata shi ke faɗa maka mai laifi: nvlddmkm na NVIDIA ne, igdkmd64 na Intel, atikmpag ko amdkmdag na AMD. Ɗauki hotonsa da waya kafin ka taɓa komai.

Wannan sunan na da muhimmanci saboda laftof da yawa katin hoto biyu gare su. Akwai ƙarami da ke cikin furosesa, yawanci Intel, da babba na NVIDIA ko AMD da ke tashi idan aiki ya yi nauyi. A yawancinsu ƙaramin ne ke haɗe da allo, babban yana yin lissafi ne ya miƙa masa. Saboda haka wanda ya yi ta sabunta NVIDIA ya bar na Intel da tsohon direba bai yi rabin aikin ba. Idan daskarewar na zuwa ne daidai lokacin da ka cire caja, ko ka buɗe wasa, ko kwamfuta ta farka daga barci, wurin miƙa aiki tsakanin katunan biyu ne ke da matsala. Buɗe Device Manager, ka faɗaɗa Display adapters, ka ga guda nawa ne. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter, babu direban gaske a kai. In ka ga alamar rawaya da Code 43, Windows ce ta dakatar da katin don ya kai ƙarar kansa.

Daga ina za a ɗauko direban? Manhajojin nan da ke ɗura direbobi talatin a danna ɗaya, waɗanda ake yawo da su a filasha, su ne tushen rikici da yawa, don lambar katin kawai suke dubawa, ba ruwansu da gyare-gyaren da kamfanin laftof ya yi wa direban saboda allonsa da batirinsa. Fara da shafin HP, Dell ko Lenovo, ka sa lambar da ke ƙasan na'urar, wadda Dell ke kira Service Tag. Sai in nasu ya tsufa ƙwarai ko bai magance ba za ka koma shafin Intel, NVIDIA ko AMD. Masu tsofaffin laftof na hannu su lura: Intel HD Graphics 3000, na furosesan 2011, ba shi da direban Windows 10 daga Intel, balle Windows 11, don haka duk abin da aka ɗora masa dabara ce kawai.

Sai kuma ɗora sabon direba a kan tarkacen tsoho. Nan ne ya kamata a bi a hankali. Sauko da direbobin duka biyu da manhajar Display Driver Uninstaller, wadda aka fi sani da DDU, ka ajiye su a kwamfutar. Kashe Wi-Fi, ka zare wayar intanet. In ba haka ba, kana gama gogewa Windows za ta riga ka ɗora nata. Tabbatar kana da kalmar sirrin shiga, kuma idan BitLocker, makullin faifai na Windows, na kunne ka rubuta mabuɗinsa mai lambobi 48 a takarda, don yana iya tambaya. Riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ka danna Restart, sannan 4 don shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da direbobin dole kawai. A DDU goge na babban kati tukuna ba tare da sake kunnawa ba, sannan na Intel, sannan ka sake kunnawa. Wajen ɗorawa juya tsarin: Intel farko, sake kunnawa, sai NVIDIA ko AMD. Bayan nan ne za ka mayar da intanet.

Ba kullum sabo ne ya fi ba. Idan matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, shiga Properties na katin, shafin Driver, ka danna Roll Back Driver, sannan ka dakatar da Windows Update na ɗan lokaci don kada ta maido shi. Kuma bayan kowane canji yi Restart, kada ka yi Shut down. Muddin Fast Startup na kunne, Shut down na adana direbobi yadda suke ne ya dawo da su, har da matsalarsu.

Idan a Chrome ko Zoom kaɗai take daskarewa, kashe hanzarin hoto, wato graphics ko hardware acceleration, a saitin manhajar. A Chrome yana ƙarƙashin System. Idan allon na ƙiftawa ko tsayawa a kan batiri kawai, kashe Panel Self Refresh a manhajar hoto ta Intel. Canji ɗaya za ka riƙa yi a lokaci guda, ka yi aiki da ita ka gani, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi magani ba.

Akwai daskarewar da babu direban da zai warkar. Alamarta ita ce kwamfuta na lafiya minti goma ko ashirin na farko, fanka ta hau ihu, sannan ta tsaya. Sa HWiNFO ko GPU-Z ka kalli ma'aunin zafi yayin aiki. Katin NVIDIA na laftof kan fara rage gudu wajen digiri 87, furosesan Intel kuma iyakarsa na kusa da 100. A ƙasarmu ƙurar hunturu na taruwa tsakanin fanka da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke fita, ta dunƙule kamar auduga, sai zafin Maris da Afrilu ya zo ya same ta a toshe. Hura iska daga waje ba ya fitar da ita, tura ta ciki yake yi. Buɗe bayan, zare wayar batiri daga bod, cire fankar, ka kwashe dunƙulen da buroshi. In za ka hura, riƙe fankar da yatsa kada ta yi juyin da zai lalata ta. Ɗaga ƙarfen sanyaya daga kan cif, ka goge busasshen man sanyaya da ke tsakaninsu da sifirit mai ƙarfi, ka ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar shinkafa a kan kowane cif, ka ɗaure kusoshi bisa lambobin 1, 2, 3, 4 da ke rubuce a jikin ƙarfen. Lallausan faci-facin da ke kan ƙananan cif na gefe kada ka yar da su, su ke sanyaya ma'ajiyar katin. Man goge baki da wasu ke shafawa ba ya aikin nan, bushewa yake yi cikin kwanaki. Aiki a kan katifa ko darduma ma toshe ƙofar iska ne.

Caja ma abin dubawa ce. Laftof ɗin wasa da ta zo da caja mai wat 180 ba za ta wadatu da mai 65 ba don kawai bakin ya shiga. Babban kati na jan wuta, ta gaza, na'urar ta sanƙare ko ta mutu. Karanta wat ɗin da ke jikin cajar ka gwada da abin da kamfanin ya rubuta. In a kan janareta take yi, gwada ta a kan batiri zalla. RAM kuma, tunda ƙaramin kati daga cikinta yake aro, lalacewarta kan fito da kamar ciwon hoto. Gudanar da MemTest86, manhajar gwada RAM, kuma kuskure ko ɗaya ya isa a zare sandar RAM ɗaya a sake gwaji.

Abu biyu ake yawan ba da shawara a kai da bai kamata a bi ba. Na farko ƙara TdrDelay a rajistar Windows, wato tsawaita daƙiƙa 2 ɗin nan da Windows ke jiran katin: yana da amfani ga mai aikin zane mai nauyi da katinsa lafiya lau, amma ga kati mai ciwo tsawaita daskarewar kawai yake yi. Na biyu gasa cif da bindigar zafi. Dabarar ta yaɗu ne tun zamanin GeForce 8400M da 8600M da suka yi ta mutuwa wajajen 2008, kuma sau da yawa takan tada katin na makonni ne ya sake faɗuwa, ga haɗarin ƙona sassan da ke kewaye.

Idan layuka masu launi ko ɗigo-ɗigo na fitowa tun a tambarin kamfani kafin Windows ta tashi, direba ba shi da hannu. Haɗa talabijin ta HDMI: in can hoton garau ne, allon ko siririyar wayarsa da ke bi ta mahaɗin murfi ce, kuma canjinta ba tsada. In can ma haka yake, ko Code 43 ya ƙi tafiya bayan DDU, mai yiwuwa babban katin ne ya gaji. A yawancin laftof an narka shi ne a jikin bod, ba a zare shi. Kashe shi a Device Manager, ko ka zaɓi Integrated ko UMA a BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, in akwai, kwamfutar ta ci gaba da rubutu da intanet da bidiyo a kan ƙaramin kati. Sai dai a wasu laftof ɗin wasa ƙofar HDMI a jikin babban katin take, don haka za ta daina aiki.