In rasuwa ta same ka kana Abuja

Jama'a Allah ya jiƙan magabatanmu. In aka bugo maka an yi rasuwa a gida, kafin ka taɓa sayen tikiti fara tambayar ƙarfe nawa za a yi jana'iza, don a wajenmu ba a ajiye gawa, in ba za ka riska ba gara ka kama jirgin gobe da safe ka je zaman makoki, kuma ya fi sauƙin kuɗi wani lokacin.

Kar ka tsaya kan manhaja ɗaya, duba Max Air, Air Peace, Rano Air, in duk sun nuna babu kujera ka wuce filin jirgi kai tsaye ka tsaya a kantar sayar da tikiti, wani na fasa tafiya ko ya makara a sayar maka. Sunan tikiti ya zama daidai da na katin shaidarka, a ruɗe ake kuskuren nan wallahi.

Ka fita da wuri saboda cunkoson Lugbe da ke kan hanyar filin jirgi, jaka ɗaya ta hannu ta isa. Lokacin hunturu kuwa hazo na sa a soke tashi zuwa Kano ko Maiduguri, sai ka tanadi direban da zai kai ka a mota in an soke, tun kafin ka fita.