Yadda Ake Gyara Taku da Koyon Zamiya a Wasan Bolin

Duk wanda ya fara wasan bolin, wato wasan mirgina ƙwallo mai nauyi a kan doguwar hanyar katako don a zubar da turaku goma, hannunsa yake ɗora wa laifi in ƙwallo ta bauɗe. Amma ka tsaya bayansa ka zuba wa ƙafafunsa ido. Za ka ga ya taho da sauri, ya dire ƙafar ƙarshe daram kamar wanda ya ci karo da bango, kafaɗa ta karkace, ƙwallo ta tafi inda ta ga dama. Ƙafa ce ke kai ƙwallo, hannu rakiya yake yi. Bayanin nan na mai jifa da dama ne, bahago sai ya juya komai.

Fara da takalmi. Na haya, duka biyun ƙasansu na da santsi domin kowa ya iya sawa. Wanda ɗan wasa ke saya wa kansa kuwa, na hagu ne mai santsi, na dama na da roba mai kama ƙasa. Kafin jifan farko, je ka gwada zamewa kusa da layin iyaka, wato layin da ya raba wurin taku da hanyar ƙwallo, ba tare da ƙwallo ba. Ɗigon ruwa ɗaya a ƙasan takalmi ya isa ya kafe maka ƙafa ka kife, shi ya sa ba a zuwa banɗaki da shi sai an sa masa marufi. Kada kuma ka barbaɗa hoda a wurin taku. Dokar wasa ta hana, kuma wanda ke biye da kai zai iya faɗuwa.

Sai neman wurin tsayuwa. Filin taku ba ya gaza ƙafa 15, daga layin iyaka zuwa turken farko kuma ƙafa 60 ne. Tsaya daf da layin ka ba turakun baya, ka yi taku huɗu da rabi irin na tafiyarka ta kullum, ka juyo. Nan ne mafarinka. Rabin takun nan na zamiya ne, wato zamewar ƙafar hagu a takun ƙarshe. Ka lura da ɗigon da aka zana a daɓen, da kuma siririn katakon daɓen da ƙafarka ta hagu ke kai, ka riƙe su a ka.

Yanzu takun huɗu. Na farko da ƙafar dama, gajere, kuma a lokacin ne za ka miƙa ƙwallo gaba, su tashi tare. In ƙafa ta riga hannu a nan, sauran takun duk biyan bashi za su yi. Na biyu da hagu, ƙwallo na gangarowa gefen cinya. Bar nauyinta ya ja ta, ƙwallon da kan kai kilo 7 ba ta buƙatar ka tura ta. A na uku, da dama, ƙwallo ta kai ƙololuwarta a baya.

Wannan taku na uku shi ne uwar zamiya, kuma shi aka fi wulaƙantawa. Ya zama gajere, mai sauri, gwiwa ta fara lanƙwasa, ƙugu ya yi ƙasa kaɗan. Daga nan ƙafar dama za ta tunkuɗa ka gaba, kamar mai tura kwalekwale daga gaɓa. In babu wannan tunkuɗar, ƙafar hagu ba ta da abin da za ta zame da shi, sai dai ta taka.

A na huɗu, kada ka ɗaga ƙafar hagu ka dire ta. Shafo ta a ƙasa, gaban tafin ƙafa ne a gaba, diddige a ɗan sama. Nauyinka ya hau kan gwiwar hagu da ta lanƙwashe, har ka ji cinya ta ɗauki zafi. Diddige zai sauka da kansa a ƙarshe, robarsa ita ce birki. In ya riga saukowa, za ka tsaya cak, gwiwa ta sha wuya. Ƙafar dama ta zarce ta bayanka zuwa hagu don ta ba ƙwallo hanya, hannun hagu a miƙe gefe yana riƙe maka daidaito. Ka saki ƙwallo kusa da idon sawun hagu daidai lokacin da zamiyar ke ƙarewa. Tsawonta bai dame ni ba, wani taƙi ɗaya yake yi, wani fiye. Abin nema shi ne ta zo iri ɗaya kowane jifa, kuma ta tsaya kafin layi, domin in ka taka shi ko ka ƙetare shi jifan ya tashi a banza ko da turaku goman sun zube.

Atisayen da na fi yarda da shi na taku ɗaya ne. Tsaya kamar taku ɗaya da rabi daga layi, gwiwoyi a lanƙwashe. Yi lilo da ƙwallo gaba, ta koma baya, in ta fara dawowa ka tunkuɗa da dama ka zame da hagu ka sake ta. Kada ka damu da turakun da suka faɗi. Yi sau goma kafin kowane wasa. A gida ma, safa da daɓe mai santsi sun isa, ba ƙwallo, hannunka kusa da abin dafawa.

Bayan kowane jifa, daskare a yadda ka ƙare har ƙwallo ta isa turaku. In sai ka yi tsalle ko ka dire ƙafar dama don kada ka faɗi, saurinka ya yi yawa, rage takun farko. Sannan ka dubi ƙasa, ka ga katakon da ƙafar hagu ta tsaya a kai, ka gwada shi da wanda ka taso. In yau kana karkata katako biyu, jifa na gaba kuma shida, koma kan atisayen taku ɗaya kafin ka taɓa wani abu a hannunka.