Yadda ake shirya fitar shaƙatawa ta ayarin jiragen filafili a ruwan Legas

Kulob ɗin masu tuƙa jirgin ruwa mai filafili, wato jirgin da iska ke turawa ta hanyar faffaɗan ƙyallen da aka ɗaura a jigonsa, yana da harkoki iri biyu: akwai tsere, akwai kuma fitar shaƙatawa, inda jirage da dama ke ɗunguma tare zuwa wani bakin ruwa, a ci abinci, a huta, a dawo. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ta biyun ta fi sauƙin shiryawa, alhali kuwa ita ce ta fi buƙatar lura, domin a ranar tsere ƙwararru ne ke kan ruwa, amma a ranar shaƙatawa ana zuwa da iyali da yara da baƙin da ba su taɓa taka jirgi ba. Saboda haka ana auna duk shirin ne da jirgin da ya fi kowane nawa da kuma mutumin da ya fi kowa ƙarancin sabo da ruwa. Za a ɗauki misali a nan da ruwan Legas, inda Lagos Yacht Club, wanda aka kafa a 1932, yake zaune a bakin tashar jiragen ruwa, kuma ake tuƙa ƙananan jirage irin su Hobie 16 mai gangar jiki biyu da Lightning mai tsawon ƙafa 19.

Abu na farko shi ne zaɓen wurin zuwa, kuma a nan ne yawancin masu shiri ke yin zari. Ƙaramin jirgin filafili ɗauke da iyali yakan yi tafiyar kilomita 7 zuwa 9 a awa guda idan iska ta yi kyau, kuma ba ya iya fuskantar iska kai-tsaye, sai dai ya riƙa karkata dama da hagu da kusurwar kimanin digiri 45, abin da ke ƙara tsawon hanya da kusan rabi. Ga kulob ɗin da ke cikin Legas, Tarkwa Bay ya dace da fitar yini guda, domin bakin ruwa ne da ganuwar duwatsun mashigar teku ta kare shi daga manyan igiyoyi, kuma ba a isa gare shi sai ta jirgi. Badagry kuwa, wadda ake bi ta doguwar mashigar ruwa zuwa yamma fiye da kilomita 50, tafiyar kwana ce, kuma bai kamata a sa ta a gaba ba sai ayarin ya saba da juna a gajerun fita. A kuma lura cewa ma'ajiyar man fetur ta Atlas Cove tana kusa da Tarkwa Bay, kuma wuri ne da jami'an tsaro ke gadi, don haka a gaya wa kowane matuƙi ya yi nesa da shi.

Bayan wuri sai rana, kuma ranar ba ta zaɓuwa da kalandar ofis kaɗai. Teku a Legas tana cikowa sau biyu tana janyewa sau biyu a kowace rana, tsakanin cikowa da janyewa akwai awa 6 da 'yan mintoci, kuma lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 kullum. Wanda ya saba bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan, domin ruwan ya fi gudu a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 da 15 ga wata, ya fi lafawa wajen 7 da 22. Abin da ake gudu shi ne ruwa mai janyewa da ƙarfi ta mashigar Commodore, wadda ta haɗa tashar jiragen Legas da teku, a daidai lokacin da iskar kudu maso yamma ke busowa daga teku, domin idan iska da ruwa suka yi karo sai igiyoyi su miƙe gajeru masu tsini, su jijjiga ƙaramin jirgi, su tsorata baƙo. Da damina abin ya fi tsanani, saboda ruwan kogunan da ke zuba cikin tafkin Legas yana ƙara wa janyewar ƙarfi. Mai shiri ya samo jadawalin cikowar teku, ya nemi ranar da ruwa zai taimaka wa ayarin a hanyar dawowa, ko da hakan na nufin a ɗan sha wahala wajen tafiya, domin da safe kowa yana da ƙarfi da haƙuri, da yamma kuwa an gaji, yara sun fara ƙorafi, iska kuma takan faɗi.

Daga nan ne ake lissafin lokaci, kuma ana fara shi ne daga ƙarshe. Rana tana faɗuwa a Legas tsakanin wajen 6:30 da 7:00 na yamma duk shekara, duhu kuma ba ya jinkiri. A sa burin cewa jirgi na ƙarshe ya taɓa matsayar kulob da ƙarfe 5:00, a ware wa dawowa ninki ɗaya da rabi na lokacin da ake zato, sannan abin da ya rage shi ne na zama a bakin ruwa. Idan akwai Musulmi a ayarin, lissafin yakan zo daidai da a yi sallar azahar a wurin da aka sauka, a kamo hanya kafin la'asar a yi ta a kulob, kuma ya kyautu a tanadi ruwan alwala na daban da tabarma tun daga gida maimakon a taɓa ruwan sha.

Yanayin shekara ma yana da nasa hukunci. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan rage gani, iska kuma ta yi rauni, har ayari ya tsaya cik a tsakiyar hanya. Daga Maris zuwa Mayu, da kuma wajen Oktoba, ana samun hadari mai zuwa da guguwa farat ɗaya, kuma alamarsa ita ce wadda duk wanda ya tashi a Arewa ya sani: gabas ta yi baƙi ƙirin, iskar da ke busawa ta ɗauke, sai kuma wata mai sanyi ta biyo baya. Matuƙin da ya ga haka ya sauke filafili nan take, ya nufi gaɓa mafi kusa ko ya jefa anga, kada ya tsaya jiran umarni. A wasu watanni kainuwa takan rufe sassan tafkin da mashigun ruwa, ta riƙe abin tuƙi ta naɗe farfelar inji. A duba hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, kwana biyu kafin fita da kuma safiyar ranar, kuma tun a takardar gayyata a rubuta iyakar da za ta sa a fasa. Ga ayari mai baƙi da yara, iskar da ta wuce kilomita 28 a awa ta isa dalili. Amfanin rubuta wannan tun da wuri shi ne ya raba mai shiri da gardama a bakin ruwa, lokacin da an riga an dafa abinci kowa kuma yana ɗokin tafiya.

Sai rabon aiki. Tsarin da ya fi dacewa bai yi nisa da na ayarin fatake ba: jagaba a gaba wanda ya san hanya, da madugu mai ɗauke da nauyin kowa wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Jirgin jagaba ba a wuce shi, kuma a sa ƙwararren matuƙi a jirgin da zai zama na ƙarshe, wanda ba zai bar kowa a bayansa ba. Dole ne a samu aƙalla kwale-kwale ɗaya mai inji na ceto, da mutum biyu a ciki, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana jawo wanda ya faɗa ruwa, ɗauke da igiyar jan jirgi, da akwatin agajin gaggawa, da wuƙa, da man fetur da ya fi abin da tafiyar ke buƙata. Kada a mai da wannan kwale-kwalen motar kaya. Idan aka cika shi da kuloli da kujeru da gawayi, ranar da jirgi ya kife ba zai iya juyawa da sauri ba, ba kuma inda za a kwantar da mutum. Kayan abinci su bi wani jirgin. Mutum na ƙarshe a rabon aikin shi ne wanda ba zai shiga ruwa ba sam: zai zauna a kulob da takarda mai sunan kowane jirgi da na duk wanda ke cikinsa da lokacin da ake sa ran dawowa, ya kuma san wanda zai kira idan lokacin ya wuce, kamar hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwan Jihar Legas.

Wajen raba mutane cikin jirage a bi ƙa'idar adadin da aka ƙera kowane jirgi ya ɗauka, ba tare da kunyar kowa ba. Haɗurran da suka auku a Kogin Neja, kamar na yankin Wara a Jihar Kebbi a watan Mayun 2021 da na Patigi a Jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda mutane masu yawan gaske suka rasu, sun nuna abin da lodi fiye da ƙima da rashin rigar kariya, wato rigar da ke hana mutum nutsewa, ke jawowa, kuma ruwa ba ya bambanta jirgin kasuwa da na shaƙatawa. Kowane baƙo a haɗa shi da matuƙin da ya ƙware, kuma a tambayi kowa a keɓe ko ya iya iyo, domin babba ba zai so ya amsa wannan a gaban jama'a ba. Rigar kariya kuwa kowa zai sa, wanda ya iya iyo da wanda bai iya ba, daga matsaya har matsaya. Ta yaro a gwada ta a ƙasa: a ɗaure ta, a kama kafaɗunta a ɗaga sama, idan ta zame ta rufe masa kunnuwa to ta yi masa yawa, kuma a cikin ruwa za ta fice ta bar shi.

Maganar sutura tana buƙatar a faɗe ta a fili cikin ladabi tun a gayyata. Babbar riga da dogon mayafi da zani mai ja a ƙasa suna maƙalewa a igiyoyi da ƙugiyoyin jirgi, kuma idan suka jiƙe nauyinsu yana jan mutum. Mace za ta iya rufe jikinta sarai da dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabin da za a cusa ƙarshensa cikin rigar kariya. A sa takalmi mai riƙe ƙafa maimakon silifa, da hula mai igiya, a kuma zuba waya cikin jakar da ruwa ba ya shiga.

Rabin awa kafin tashi madugu ya tara kowa, har da baƙi, ya yi bayani a taƙaice. Ya faɗi hanya, da wurare biyu ko uku da za a tsaya a jira na baya, da tashar rediyon oba-oba da ayarin zai yi amfani da ita, yana tunatar da cewa tasha ta 16 ta kiran gaggawa ce a duk duniya, ba a hira a kanta. Ya nuna wa baƙi sandar da ke ƙasan filafili, wadda ke shararowa daga gefe zuwa gefe duk lokacin da jirgi ya juya, ya koya musu sunkuyar da kai da zarar matuƙi ya yi magana. Ya gaya musu cewa ƙaramin jirgi yana iya kifewa kuma ana tayar da shi cikin 'yan mintoci, don haka wanda ya tsinci kansa a ruwa ya riƙe jirgin, kada ya kama iyo zuwa gaɓa, wadda kullum ta fi nisa fiye da yadda ido ke nunawa. Ga matuƙa kuwa, abin da ya fi muhimmanci a Legas shi ne tsallaka hanyar manyan jiragen da ke shiga tashoshin Apapa da Tin Can. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun hana jirgin filafili tare wa babban jirgi hanya a ƙunƙuntar mashiga, kuma dalilin a bayyane yake, tunda jirgin kwantena ba ya iya tsayawa ko kaucewa cikin ɗan lokaci, matuƙinsa ma ba ya ganin abin da ke daf da goshinsa. Ayari ya taru a gefe, a jira hanya ta yi fili, a tsallaka a dunƙule ta mafi gajeriyar hanya. Wanda ya ji ƙaho gajere sau biyar ya san cewa babban jirgi yana shakkar abin da yake yi, ya kauce nan da nan.

Idan an isa, a fara ƙirga mutane kafin a buɗe kula. A ja jiragen sama da inda alamar ruwa ta tsaya a yashi, ko a ɗaure su da anga, domin teku mai cikowa tana ɗauke jirgin da aka bari a sake. A naɗa manya biyu su riƙa karɓa-karɓa wajen sa ido kan yara, a kuma hana kowa yin wanka a ɓangaren da ke fuskantar buɗaɗɗiyar teku wajen hasumiyar fitila, inda igiyar ruwa ke jan mutum ciki. Abinci ya zama wanda zafi ba ya lalatawa da wuri, irin su kilishi da dambun nama da burodi da dabino da lemo, ruwan sha kuma aƙalla lita 3 ga kowane mutum, saboda iskar teku tana ɓoye ƙishirwa. Mai saurin tashin zuciya ya ci abu kaɗan kafin tashi, ya tauna citta, ya riƙa kallon nesa. Matuƙi ba ya shan giya har sai an dawo. Duk leda da robar da aka zo da su a koma da su.

Kuɗin fita ya fi kyau a yanke shi tun kafin ranar a karɓa a hannu, a lissafa man kwale-kwalen ceto da abinci da ladan ma'aikatan da suka taimaka wajen sauke jirage, a kuma bayyana ko baƙo zai biya ko wanda ya gayyato shi. Da an dawo, wanda ya zauna a kulob ya bi takardarsa suna bayan suna har ya tabbatar kowa ya fito, sannan a wanke jirage da filafilai da rigunan kariya da ruwan famfo domin gishiri yana cin ƙarfe da zare, a shanya su kafin a naɗe. Madugu ya rubuta lokacin tashi da na isa, da yadda iska da ruwa suka kasance, da inda ayarin ya rarrabu, ya ajiye a littafin kulob domin wanda zai shirya fita ta gaba ya fara lissafinsa daga nan.