Kurakuran da ke ɓata adon ɗaki daga Garwa har Kusiri

Na gaji da shiga ɗakin amarya wata uku bayan biki in tarar da bango yana ɓarewa, labule ya koɗe, uwar amarya tana ta tsine wa mai fenti. Kurakuran ba sababbi ba ne, su ake ta maimaitawa, kuma yaran da suka shigo sana'ar jiya-jiya sun fi kowa faɗawa ciki, don sun mai da hoton waya malaminsu. Gidajen da kuke gani a Facebook tagoginsu a rufe suke, na'urar sanyaya ɗaki na aiki dare da rana. Mu kuwa muna da ƙura, muna da zafi, muna da danshin damina.

Babban laifin shi ne shafa fenti a kan ɗanyen filasta. Siminti, ko na masana'antar garin Figil ne ko na ina, yana son wajen kwana 28 kafin ya karɓi fenti, da damina ma ya fi haka. Wani Alhaji ya taɓa tsare ni a bakin sabon gininsa yana cewa, "Malam, biki saura kwana goma, ka rufa mini asiri." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, bangon nan bai sha iska ba." Ya haɗa ni da Allah da Annabi, aka yi aikin. Kafin a gama cin gara, fentin ya kumbura ƙuraje-ƙuraje, wani farin gishiri kamar kanwa ya feso daga ƙasan bango. Da aka zo maganar gyara sai Alhaji ya manta da roƙon da ya yi. Kankarewa, sabon fenti, kuɗin yara, duk daga aljihuna suka fita, ga sunana da ya zaga unguwa. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Tun daga lokacin ba na musu da kowa. Leda nake yankowa, in manna ta a bango da salatif, in toshe gefunanta huɗu, in dawo washegari. In na ga gumi a cikinta, ko siminti ya yi duhu a wurin, ba na buɗe bokiti. In biki ya matso, a shafa farar ƙasa tukuna, ita tana barin bango ya yi numfashi, fenti ya biyo baya bayan an watse. Kada kuma wani ya ce maka fentin mai zai danne danshi. Kulle ruwan yake yi a ciki, sai ya ɓare falle-falle. Gidajen da ke kwari kusa da kogin Binuwai sun san wannan a watan Agusta.

Na biyu launi. Hajiya za ta miƙo waya ta ce ga wanda take so, yaro ya ruga kanti ya zaɓo a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, a shafe falo gaba ɗaya, da dare ya yi a ga wani abu dabam. Hasken waya ba hasken ɗaki ba ne. Ƙwan da aka rubuta wa 6500K yana sa ruwan madara ya koma fari-fari mai sanyi, mai 3000K kuma yana ƙara masa rawaya. Ni mita ɗaya nake shafawa a bango biyu, in ce mata, "Hajiya, ki duba da hantsi, ki duba da la'asar, ki duba bayan isha'i da ƙwan da za ki riƙa kunnawa." Sai ta amince nake sayen sauran.

Kuma don Allah ku daina biye wa masu son fari fat ko shuɗi mai duhu. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi ta juye mana. Fari ya dafe, mai duhu kuwa ya fi shi tona asiri, ko yatsa aka ja sai ya fito. Ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske da toka-toka su nake bai wa mutane, launi mai ƙarfi a bar shi ga bango guda ko ga matasan kujera. Wasu abokan sana'a suna cewa ɗakunana duk kama ɗaya suke yi. Su je su gan su a Fabrairu. A waje ma haka, wanda ya shafa wa bangon yamma launi mai duhu zai ji a jikinsa a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Kai kuma mai tsinka fenti da ruwa don ka ci rarar kuɗi, ka ji tsoron Allah. Lita guda ta fentin ruwa wajen murabba'in mita 10 take rufewa a shafa ɗaya. In ka ja ta ta rufe ninki biyu, ranar da aka jingina da shadda za a gane ka.

Sauran ƙanana ne. Fenti mai sheƙi yana fito da duk wani tudu da kwarin filasta. Labule ya ninka faɗin taga sau biyu, a sa masa shafi a baya, in ba haka ba rana ta cinye shi. Kafet daga bango zuwa bango rumbun ƙura ne, gara tayil da darduma da za a iya kakkaɓewa, amma ban da tayil mai santsi a inda ake alwala. Ruwan zinari a silin, a labule, a kujera, a firam duk lokaci guda ya yi yawa, a zaɓi wuri biyu. Tumtum ɗin fata na masu sana'ar Marwa da tabarma mai kyau sun fi furen roba jure ƙura. A auna ƙofa kafin a taho da kujeru daga Mubi.

In an gama, a zuba ragowar fenti a ƙaramin galan, a rubuta lambar launin a jikin murfi, a bai wa matar gida ta ajiye a inuwa, don launin da aka haɗa da ido ba ya sake fitowa daidai.