Bangaskiya ce farko ko maya haihuwa? Yadda za a jagoranci binciken ba tare da an tashi baram-baram ba

Duk inda Kiristoci suka zauna binciken Littafi Mai Tsarki a kan ceto, ba a daɗewa tambayar nan take tasowa: mutum ba da gaskiya yake yi sannan a maya haihuwarsa, ko kuwa Ruhu Mai Tsarki ne yake fara rayar da shi kafin ya iya ba da gaskiya? Yawanci kowa yakan riƙe ayarsa, a yi ta ja-in-ja har lokaci ya ƙure. Abin da ke jawo haka shi ne shiga gardama ba a daidaita me ake nufi da "maya haihuwa" ba, balle me ake nufi da "farko". Malami ko shugaban ƙungiya zai iya gama darasin a zama biyu, kowanne awa ɗaya da rabi. Ya tanadi fassarar Littafi Mai Tsarki iri biyu, da allo ko babbar takarda da aka raba gida uku, kowa kuma ya zo da abin rubutu.

Zama na farko: daidaita ma'ana

Kafin a buɗe aya ko ɗaya, ka sa kowa ya rubuta jimla guda a kan abin da ya fahimta da maya haihuwa, sannan a karanta a fili. Amsoshin sukan kasu uku. Wasu na nufin ɓoyayyen aikin nan na farko da Ruhu yake yi a zuciyar da ta mutu cikin zunubi. Wasu na nufin dukan sākewar rayuwa, daga tuba har zuwa girma cikin tsarki. Wasu kuma abin da ke faruwa a baftisma suke nufi. Idan mai ma'ana ta farko ya ce maya haihuwa ce farko, mai ma'ana ta biyu ya ce bangaskiya ce, to duk su biyun na iya zama da gaskiya, don ba abu ɗaya suke magana a kai ba.

Tarihi ma ya nuna haka. Shahadar bangaskiya ta Beljik, wadda aka rubuta a 1561 kuma da yawa daga ikkilisiyoyin da ke bin koyarwar Jon Kalbin, ɗaya daga jagororin gyaran ikkilisiya a ƙarni na 16, suke riƙe da ita har yau, ta ce a sashe na 24 bangaskiya ta gaskiya ce take maya haihuwar mutum ta mai da shi sabo. Ma'ana ta biyu ke nan, kuma Kalbin kansa yakan yi amfani da kalmar da wannan faɗin. Malaman da suka biyo baya ne suka taƙaita ta ga aikin farko na Ruhu. Ka sa ƙungiyar ta zaɓi ma'ana ɗaya, a rubuta ta a saman allo. Mun fi ba da shawarar ta farko, domin a nan ainihin saɓanin yake.

Sai kalmar "farko". Lokaci ake nufi, ko dalili? Idan mutum ya buɗe ido, gani yana zuwa nan take, ba tazarar ko daƙiƙa ɗaya, amma buɗe idon ne ya jawo ganin. Wannan shi ne farko na dalili. Jon Wesili, wanda ya kafa tafarkin Metodis a Ingila a ƙarni na 18, ya koyar cewa barata ta wurin bangaskiya, wato Allah ya ɗauki mai zunubi a matsayin mai adalci, tana gaba da sabuwar haihuwa a tsarin tunani, amma a lokaci babu wadda ta riga wata. Yawancin mabiya Kalbin ma tsarin dalili suke nufi, sai dai sun juya jerin. Duka ɓangarorin ba sa koyar da cewa babban mutum zai yi shekaru yana yawo da sabuwar haihuwa alhali yana ƙin Almasihu.

Jera ayoyin gida uku

A gida na farko ka sa ayoyin da ke nuna aikin Allah yana gaba: Ezekiyel 36:26-27, Yohanna 3:3-8, Yohanna 6:44 da 65, Afisawa 2:1-5, Ayyukan Manzanni 16:14, da 1 Yohanna 5:1. A na biyu, waɗanda ke nuna rai yana zuwa ta wurin ba da gaskiya: Yohanna 1:12, 5:24 da 40, 20:31, Galatiyawa 3:26, Afisawa 1:13, da Ayyukan Manzanni 16:31. Gida na uku shi ne wanda aka fi mantawa, na Maganar Allah a matsayin abin da Ruhu ke aiki da shi: Romawa 10:17, Yakubu 1:18, 1 Bitrus 1:23.

Dokar karatun ɗaya ce: kowace aya a karanta ta da biyar na gabanta da biyar na bayanta, sannan a yi tambaya, marubucin jeri yake koyarwa a nan, ko dai ya ambaci abubuwan biyu ne tare? Da wannan tambayar kaɗai rabin ayoyin za su sauka daga matsayin hujja mai yanke gardama.

Wurare uku sun cancanci a zauna a kansu. Yohanna 1:12 ta ce waɗanda suka karɓe shi, suka ba da gaskiya ga sunansa, su ya ba ikon zama 'ya'yan Allah. Mai cewa bangaskiya ce farko yakan tsaya nan. Aya ta 13 kuwa ta ce haihuwarsu ba daga jini ba ce, ba kuma daga nufin jiki ko nufin mutum ba, daga Allah ce. Ɗaya ɓangaren kuma daga nan yake farawa. Kada ka yarda a raba su, jimla ɗaya ce.

A 1 Yohanna 5:1, duk mai gaskata Yesu shi ne Almasihu haifaffe ne na Allah. Ka sa a kwatanta ta da 2:29 da 4:7, inda Yohanna ya yi irin wannan ginin magana a kan mai aikata adalci da mai ƙauna. Ba wanda zai ce ƙauna ce ke haifar da sabuwar haihuwa, alamarta ce. In haka ne, bangaskiya ma a 5:1 'ya'yan haihuwar ce. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a gida na farko. Amsar ɗaya ɓangaren ita ce Yohanna yana maganar mai ci gaba da ba da gaskiya ne, yana nuna yadda za a gane ɗan Allah, ba yadda ake soma zama ɗa ba. Ka ba amsar nan lokacinta, tana da nauyi.

Sai Lidiya a Ayyukan Manzanni 16, mai sayar da tufafin shunayya daga Tayatira, tana zaune cikin mata a bakin kogi a Filibi ran Asabar, Bulus yana magana. Luka, marubucin littafin, ya ce Ubangiji ya buɗe zuciyarta ta mai da hankali ga abin da ake faɗa. Aikin Ubangiji ya riga amsarta, wannan a fili yake. Amma Luka bai kira buɗewar da sunan maya haihuwa ba. A cikin wannan surar kuma, da mai gadin kurkuku ya faɗi yana rawar jiki yana tambayar me zai yi ya sami ceto, ba a ce masa ya jira a rayar da shi ba. An ce masa ya ba da gaskiya ga Ubangiji Yesu.

Zama na biyu: inda saɓanin yake da gaske

Tarihin bai buƙaci fiye da minti goma sha biyar ba. A farkon ƙarni na 5 Agustin, bishop a Arewacin Afirka, ya yi jayayya da Felajiyas, wanda ya koyar cewa mutum na da ikon yi wa Allah biyayya da ƙarfin halittarsa. Majalisar shugabannin ikkilisiya da ta zauna a garin Oranj a 529 ta tabbatar cewa ko somawar bangaskiya baiwa ce ta alheri. A 1610 almajiran Arminiyas, malamin da ya saɓa wa wasu koyarwar Kalbin, a ƙasar Holan suka gabatar da batutuwa biyar. Na ukunsu ya ce mutum ba shi da bangaskiyar ceto daga kansa, na huɗu ya ce ana iya ƙin alherin Allah. Majalisar mabiya Kalbin da ta zauna a garin Dot daga 1618 zuwa 1619 ta amsa cewa Allah ne ke yin wannan aiki a cikinmu ba da taimakonmu ba, kuma duk wanda aka yi wa shi lalle zai ba da gaskiya.

Ka ga ke nan kowa ya yarda alheri ne ke fara zuwa. Tambayar da ta rage ita ce, alherin nan na farko yana tabbatar da bangaskiya ne, ko yana ba mutum iko ne kawai, ikon da zai iya watsarwa? A nan a karanta Ayyukan Manzanni 7:51 da Matiyu 23:37 gefe guda, Yohanna 6:37 da Romawa 8:30 a ɗaya gefen. Daga nan ka raba mutane gida biyu, kowane rukuni ya bayyana ra'ayin ɗayan har masu ra'ayin su ce e, haka muke nufi. Ba a shiga suka sai an ci wannan jarrabawar.

A namu ganin, hujjar Afisawa 2 da ta 1 Yohanna ta fi rinjaye: matacce ba ya fara motsi, Allah ne ke rayarwa, yana yin haka ta wurin bisharar da ake ji, bangaskiya kuma tana bayyana nan take. Ka faɗi naka matsayin a fili idan an tambaye ka, amma sai bayan an gama karatun, don in ka faɗa tun farko rabin ƙungiya za su daina bincike su koma neman goyon bayanka.

Abubuwan da ke ɓata darasin

Na farko shi ne laƙaba suna. Kiran mai bin Arminiyas ɗan Felajiyas ƙazafi ne, tunda ya yarda ba mai zuwa sai alheri ya jawo shi. Cewa mai bin Kalbin ya mai da mutum gunki shi ma ba daidai ba ne, domin koyarwar Dot ta ce mutum da kansa yake ba da gaskiya, da nufinsa da aka sabunta. Akwai kuma masu cewa in bangaskiya ce farko, to ta zama aikin lada. Romawa 4:5 ta raba ba da gaskiya da aiki sarai, don haka wannan zargin ba ya tsayawa a yadda aka saba furta shi. Tashin Li'azaru a Yohanna 11 kyakkyawan misali ne, amma ba don koyar da jerin ceto aka rubuta shi ba, kada a ɗora masa nauyin hujja.

Mafi hatsari shi ne abin da darasin kan yi wa mai raunin zuciya. Kusan kullum akwai wanda zai koma gida yana tambayar kansa ko an maya haihuwarsa, tunda ba ya tuna rana ko sa'a. Ka lura da irin wannan, ka same shi bayan taro. Kada ka aike shi tonon ranar. Ka karanta masa Yohanna 6:37, inda Yesu ya ce mai zuwa wurinsa ba zai kore shi ba ko kaɗan, sannan ku bi alamun da 1 Yohanna ta bayar: gaskata Yesu, ƙaunar 'yan'uwa, da ƙin zama cikin zunubi.

Idan a ƙungiyar akwai 'yan Katolika ko mabiya Luta, za su kawo Yohanna 3:5 da Titus 3:5, domin a koyarwarsu sabuwar haihuwa tana haɗe da baftisma, har ga jarirai. Tambaya ce ta gaske, amma ba za ta shiga cikin awa ukun nan ba. Ka rubuta ta a gefen allo, a sa mata zama na uku, a ƙara da Romawa 6:3-4 da Kolosiyawa 2:12 cikin ayoyin da kowa zai karanto daga gida.