Wasan haɗa ɗigo: inda ake yin kuskure wajen koya wa yara jerin lambobi

Yaro zai rera maka "wan, tu, tiri" har 20 kamar waƙa, amma ka nuna masa 7 ka ce wace lamba ce ke bin ta, sai ya yi zuru. Haddar baki ce kawai ya yi. Wasan haɗa ɗigo, inda yaro ke jan layi daga ɗigo zuwa ɗigo bisa jerin lambobin da ke jikinsu har hoto ya fito, na gyara wannan, in ba a ɓata shi ba.

Daga kasuwa ake fara ɓata shi. Uwa ta shiga Kasuwar Gumi ta zaɓo littafi mai ɗigo 50 don hotonsa ya fi kyau, alhali ɗan nata shekararsa 4. A fara da 1 zuwa 5, in ya zauna, a kai 10. Ba ma sai an sayi komai ba: da alli a simintin tsakar gida, ɗigo 5 sun isa su fitar da ɗaki da rufinsa.

Riƙe masa hannu kuwa, ke kika yi aikin, Maman yara.

Babban kuskuren da ba a cika lura da shi ba shi ne wayon yaro. Da ya gane kifi ne zai fito, sai ya daina duba lamba, ya riƙa jan layi zuwa ɗigon da ya fi kusa. Hoto ya fito, a yi masa tafi, bai koyi komai ba. Maganinsa, ya ɗora yatsa a kan lambar da yake, ya faɗi ta gaba da bakinsa, ya nemo ta da ido, sannan ya ja. In kai ne mai zanen, ka nisanta 4 daga 3, ka ajiye 8 a kusa da 3 a matsayin tarko.

Ɗalibin Islamiyya yana da nasa ruɗanin, kuma ba rashin kai ba ne. Biyar ta Larabci zagaye ce kamar sifirin boko, shida ta yi kama da 7, sifirinsu kuma ɗigo ne. Kada a gwama su a takarda ɗaya, kowace da lokacinta.

Sai 6 da 9. A tsakar gida yaro zagayawa yake yi, daga ɗaya ɓangaren 6 ta koma masa 9. A ja ɗan layi a ƙarƙashin kowace, ya san inda gindinta yake.