Kurakuran da ke gajiyar da zuciyar kaji a zafi da hunturu

Masu kiwon buroila, da yawa cikin kajin nan da muke tsinta sun mutu rigingine, ƙosassu, ba annoba bace wallahi, zuciya ce ta gaza, kuma da hannunmu a ciki.

Kaza ko tana hutawa zuciyarta na bugawa kusan sau 300 a minti, zafin jikinta digiri 41 ne kuma ba ta gumi. In Afrilu ya kama sai dai haki, jini ya riƙa kwarara zuwa fata da ƙafafu don ya huce, to a haka ne wani zai cika mata mazubi da abinci da tsakar rana, alhali narkar da abincin ma zafi yake ƙara mata. A ba su da asuba da yamma, ruwa mai sanyi kar ya yanke. Kwanakin farko na zafi sun fi kisa, jikinsu bai saba ba tukuna.

Wanda ya fi damuna shi ne magani. Ana ganin haki sai a ce mura ce, a ɗauko antibayotik ɗin nan tiyamulin a zuba a ruwa, ba a duba buhun abincin ba. In abincin na ɗauke da monensin ko salinomaisin, maganin kashin jini, haɗuwarsu da tiyamulin guba ce, tana lalata tsoka har da ta zuciya, ka ga kaji sun kwanta ƙafa ta mutu. Don Allah a karanta takardar buhu ko a tambayi likitan dabbobi kafin a haɗa. Nikarbazin kuma, shi ma maganin kashin jini ne, a ajiye shi sai sanyi, a zafi ƙara musu mutuwa yake. Maganin furazolidon kam kumbura zuciyar 'ya'yan talo-talo da agwagwa yake yi, a rabu da shi.

Hunturu nasa daban. Muna toshe ɗaki ruf da leda mu kunna gawayi, tsaki kuma a sanyi ne suka fi buƙatar iska don ɗumama jiki, sai zuciya ta yi ta fama tana tura jini huhu har ɓangaren dama na zuciyar ya gaji, bayan 'yan makonni ciki ya cika da ruwa. Wannan ruwan cikin ba antibayotik ke maganinsa ba, kuɗi kawai za a ƙona. A bar kafa ta sama iska na shiga, gishiri kuma kar ya wuce ƙima in da kanka kake haɗa abinci.